Muryata tana ɗaukewa a gaban makirfo, in haƙura ne?

Wata ƙanwata ta aiko mini da tambaya, ga gundarinta: "Anti, shekarata 22, 'yar Gusau ce ni amma a Kano nake karatu. A gida in na kwaikwayi muryar kakarmu ko ta mai tallan awara, kowa sai ya riƙe ciki don dariya. Na je gwajin murya a wani sutudiyo da ake fassara fina-finan Indiya. Da aka sa mini hedifon aka ce bismillah, sai maƙoshina ya bushe, takarda ta hau rawa a hannuna. Da aka kunna mini abin da na yi, na tsani muryata. Wani ma ya yi dariyar Hausata. In haƙura ne?"

Kada ki haƙura, ƙanwata. Amma kuma kada ki zauna jiran ranar da tsoron zai tafi sannan ki koma, domin ranar ba ta zuwa. Na haura shekara 20 ina wannan sana'a, daga wasan kwaikwayo na rediyo zuwa talla zuwa fassara, kuma har yau in aka kunna jar fitilar nan ta fara naɗi gabana yakan ɗan faɗi. Ranar da na fara, tallar maganin sauro ce ta daƙiƙa 30. Sau 14 na maimaita ta. Injiniyan, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya gaji da jin karkarwar takardata a kunnensa, ya shigo ya karɓe ta, ya shimfiɗa tawul a kan tebur ya ɗora ta a kai, ya fita bai ce mini uffan ba. Na koma gida na yi kuka. Bayan kwana biyu na ji tallar a rediyon maƙwabta, kuma wallahi babu wanda zai ce an sha wahala kafin a same ta.

Abin da ya same ki a jiki ba rashin baiwa ba ne. In mutum ya ji yana cikin haɗari, jiki yakan saki wani sinadari da ake kira adirenalin. Zuciya ta ƙara gudu, yawu ya ƙafe, hannu ya yi rawa, numfashi ya tattaro ya dawo saman ƙirji. Jiki bai san bambancin kura da darakta ba, shiri ɗaya yake yi musu. Ita kuwa murya wasu 'yan tantani ne guda biyu a maƙogwaro, iska ke kaɗa su, a wajen mace baliga kamar sau 200 a daƙiƙa ɗaya. In naman wuya ya ɗaure sai su miƙe kamar tsirkiyar garaya da aka ja da yawa, shi ya sa muryar mai tsoro take fita siririya, can sama, tana katsewa. Maganin wannan na jiki ne, lallashin zuciya kaɗai ba ya isa. Ki ɗora hannu a cibiya, ki ja iska ta hanci kina ƙirga 4, cikinki ne zai taso, kafaɗa ta zauna inda take, kamar yadda jariri ke numfashi in yana barci. Ki sake ta a hankali ta baki kina ƙirga 8. Fitar iskar mai tsawo ita ke sauko da bugun zuciya. Sau biyar ya isa. Ki yi aikinki a tsaye in an ba ki zaɓi, ki ajiye ruwa kusa, takarda kuma kada ki riƙe ta a hannu.

Batun tsanar muryarki kuwa, kusan duk wanda na koyar ya faɗa mini haka. Duk rayuwarki ta hanya biyu kike jin kanki: ta iska da ke shiga kunne, da kuma ta ƙasusuwan kanki, waɗanda ke ƙara wa muryar kauri da zurfi. Makirfo ta iska kawai yake ɗauka. Wannan muryar da kika ji kika ce baƙuwa ce, ita ce wadda 'yan gidanku suka sani tun kina goye, ita suke wa dariyar jin daɗi in kina kwaikwayon kaka. Ke kaɗai ce ba ki saba da ita ba. Sati biyu kina naɗar kanki kullum kina saurare, baƙuncin zai gushe.

Yanzu ga inda nake so ki ba ni hankalinki, domin a ganina nan ne asalin ciwon. Ki tuna lokacin da kike kwaikwayon kakarku a tsakar gida. Wa kike kallo? Ƙannenki, ko ummanku tana tankaɗe tana murmushi. Me kike nema? Ki ga sun fashe da dariya. Hankalinki kacokan yana kansu, ko kaɗan ba kya sauraron kanki. A sutudiyo kuwa aka rufe ki a ɗan ɗaki, babu fuskar kowa sai gilashi, aka toshe miki kunnuwa da abin da ke dawo miki da muryarki da ƙarfi. Sai kika daina yi wa kowa magana, kika koma alƙalin kanki, kowace kalma ta fito sai kin yanke mata hukunci kafin ta gaba ta iso. Babu mai iya wasa yana shari'a a lokaci guda.

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni a ganina rabin abin da mu mata muke kira tsoron makirfo kunya ce muka taho da ita daga gida. An raine mu a kan mace ba ta ɗaga murya, ba ta ƙyaƙyata dariya gaban maza, ba ta kallon babba ido cikin ido. Tarbiyya ce mai kyau a muhallinta, ban ce ki yar ba. Amma sai ga ki a gaban baƙin maza uku, an ce ki yi kururuwar uwar da aka kashe wa ɗa, ko shagwaɓar amarya, ko masifar kishiya. Dole maƙoshi ya ƙi. Abin da ya cece ni shi ne ranar da na gane cewa ba ni ce ke ihun ba. Matar da ke cikin labarin ce, ni aron baki na ba ta, kamar yadda kakanninmu ke yin muryar Gizo da ta Ƙoƙi a tatsuniya ba wanda ya ce tsohuwa ta zubar da girma.

To yaya za ki dawo da mutum cikin ɗakin da babu kowa? Kafin ki buɗe baki, ki amsa wa kanki tambaya biyu: da wa nake magana, kuma me nake so ya yi? Mutum ɗaya tak, wanda kika san fuskarsa. Ɗauki wannan 'yar jimla: "Ina ka je?" Ki faɗa wa ƙaninki ɗan shekara 7 da kika yini kina nema har kin fara zaton an sace shi. Ki faɗa wa mijin da ya shigo ƙarfe 2 na dare yana ƙanshin turaren da ba naki ba. Ki faɗa wa yayanki da ya dawo daga tafiya da leda a hannu, kina hangen tsaraba. Ki faɗa wa ɗan aiken da kika riga kika san inda ya je, so kike ki ga ko zai yi ƙarya. Kalma uku ne, ba ki sauya ko harafi ba, amma murya huɗu za ki ji, kuma ba ki tsaya tunanin "in sa murya sama ko ƙasa" ba. Niyya ce ta juya ta. Masu koyo sukan zaci aikin nan iya sauya murya ne, yau tsohuwa gobe yarinya. Wannan ado ne. Na ga masu murya goma da ba su daɗe a sana'ar ba, na ga mai murya ɗaya tilo da darakta ke bi har gida, saboda in ta ce "sannu" sai ka ji da kai take.

Ko a talla haka ne. Rediyo na shiga gida dubbai, amma kowa shi kaɗai yake ji, direba a motarsa, tela a kan kekensa, uwargida a madafa. Tun da BBC ta fara watsa shirye-shirye da Hausa a 1957, muryoyin da mutane suka riƙe a zuciya su ne waɗanda ke magana kamar suna zaune da kai a tabarma ɗaya. In kika sa a ranki miliyoyi ke sauraro, za ki yi shela irin ta sanƙira. In kika sa ƙawarki ce a gabanki, za ki yi hira. Wata dabara ƙarama: ki zame hedifon daga kunne ɗaya. Za ki ji ɗakin, ki ji kanki yadda kika saba. Ƙwararru da yawa haka suke yi, ba wanda zai ga baƙonki.

Akwai kuma tsoron da rashin shiri ke haifarwa, kuma rubutunmu na boko yana da hannu a ciki. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, amma a takarda ba ma nuna ko ɗaya. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, "zane" na ɗaurawa da "zane" na alƙalami. Sau da yawa mai buga takardar ma bai sa ƙugiya a ɗ da ƙ da ɓ ba, sai ki ga "kafa" ba ki san ƙafa ce ko kafa ba sai kin kai ƙarshen jimla. Wanda ya shiga karatu kai-tsaye dole ya yi tuntuɓe, in ya yi tuntuɓe sau biyu kuma shi ke nan, gaba ta faɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki roƙi minti 10 da takardar, haƙƙinki ne, ba rashin kunya ba ne. Ki karanta a bayyane, ba a zuci ba. Ki riƙe fensir: ƙugiyar da aka manta ki sa, inda za ki shaƙi iska ki ja 'yar sanda, kalmar da ke ɗauke da nauyin jimla ki ja mata layi. Jimlar da ta ƙi zama a bakinki, galibi mai fassarar ne ya bi tsarin wani harshe. Ki ce, "Malam, in na ce kaza ya yi?" Darakta mai hankali godiya zai yi miki.

A fassarar fim akwai ƙarin nauyi, tunda bakin wani kike bi. Ki kalli wurin sau uku kafin ki gwada. Na farko don ki gane me ke faruwa, na biyu don ki ga inda jarumar ke numfashi, na uku ki bi ta da raɗa-raɗar leɓe ba sauti. Ido ya fi kama kuskure a wuri biyu: farkon magana da ƙarshenta, sai kuma inda leɓɓa suka haɗu, wato wurin m da b. In kin dace da waɗannan, tsakiya mai kallo yafewa yake. Hausa takan fi asalin maganar tsawo, kuma gyaran wannan rage kalma ne, ba zuba gudu ba. Sannan ki sani hoto 24 ko 25 ke wucewa a kowace daƙiƙa, in kin makara da 'yan kaɗan injiniya zai ja muryarki baya a kwamfuta cikin ƙiftawar ido. Mu da muka tarar da zamanin faifan zare, da reza ake yanke kuskure a liƙe da salatif, kuma 'yan wasa shida ke kewaye makirfo ɗaya, in ɗaya ya kuskure kowa ya koma farko yana hararar sa. Ku yanzu kuskurenku ba ya cin komai sai daƙiƙa 10. "A sake" ba zagi ba ne, ita ce kalmar da aka fi faɗa a kowane sutudiyo, kuma manyan da kike jin muryarsu a fina-finan Algaita ko a Arewa24 su ma da ita suke yini. In kin yi tuntuɓe kada ki tsaya ba da haƙuri sau uku. Ki yi shiru, ki numfasa, ki ɗauko daga farkon jimla. Injiniyoyi sun fi son haka, ya fi sauƙin yanka.

Wanda ya yi dariyar Hausarki kuwa, bai san kasuwa ba. Gaskiya ne daidaitacciyar Hausa, wadda ake karanta labarai da ita, a kan Kananci aka gina ta, kuma ya kamata ki iya ta sosai: ki san inda za ki ce "tafi" maimakon "tahi", "faɗi" maimakon "hwaɗi", "me" maimakon "mi", "da ya zo" maimakon "da yaz zo". Wannan koyo ne na 'yan watanni ga mai zama a Kano. Amma kada ki kuskura ki kashe ta gida. Masu sauraro a Sakkwato da Gusau da Birnin Kebbi da Maraɗi da Tawa ba su da adadi, kuma duk mai tallar taki ko maganin dabbobi da ke son ya shiga zuciyarsu muryar da ta yi kama da tasu yake nema. Bakano in ya kwaikwayi Zamfarci don ban dariya, ɗan Zamfara na ji ya san jabu ne. Ke za ki fita da harshe biyu, shi yana da ɗaya.

Akwai wani Ba'amurke, James Earl Jones, da aka haifa a 1931 ya rasu a 2024. Yana yaro in'ina ta yi masa tsanani har ya shafe shekaru kusan ba ya magana. Wani malaminsa na sakandare ya gano yana rubuta waƙe, ya sa shi ya riƙa karantawa a bayyane gaban aji, daga nan bakinsa ya fara buɗewa. Shi ne daga baya ya yi muryar Darth Vader a fim ɗin Star Wars da ta zaki Mufasa a The Lion King, muryoyin da duniya ta sani. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarinsa shi ne kalmomin da aka riga aka rubuta ne suka ba shi wurin takawa. Ke ma takardar nan da ke rawa a hannunki, in kin shirya ta, ita ce sandarki.

A gida ba kya buƙatar sayen komai tukuna. Wayarki ta isa. Ki buɗe sif ɗin kaya ki fuskanci tufafin, ko ki jingina katifa a bango ki yafa bargo, domin kayan laushi ke shanye amsa-kuwwa. Ki kashe fanka, ki zaɓi lokacin da janaretan maƙwabta ya yi shiru, bayan asuba ya fi. Tsakanin bakinki da makirfo kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, ki ɗan karkace kaɗan kada iskar f da b ta buge shi, kuma ki lura da ƙ da ts, suna da ƙara in an matso da yawa. In kin samu kwamfuta, manhajar naɗa da gyaran sauti mai suna Audacity kyauta ce, da ita da yawa daga cikinmu muka koyi yanka da haɗawa. Minti 15 kullum ya fi awa 3 ranar Asabar. Yau ki karanta labarin jarida, gobe tallar da kika rubuta da kanki, jibi ki kashe sautin fim ki sa wa jarumar magana. Ki sa wa kowane naɗi kwanan wata, kuma kada ki saurare shi a ranar, sai washegari, lokacin kunnenki ya huce. Kada ki goge na farkon komai muninsu. Bayan wata 2 ki kunna na ranar farko ki kunna na jiya. Wannan bambancin da za ki ji da kunnenki, babu yabon da zai ba ki ƙarfin gwiwa kamarsa.

Mai gyara miki kuma ki zaɓi mutum ɗaya da ya san aikin. Umma za ta ce ya yi kyau ko da kin yi tari ne. In kin saka a TikTok ko Facebook, wanda bai taɓa shiga sutudiyo ba zai yanke miki hukunci, kuma sabon tsiro ba ya jure wannan iskar. Ki bari sai kin yi ƙwari. Ki riƙa tambaya takamaimai: "A ina kika daina yarda da ni?" ya fi "Ya yi kyau?" amfani nesa ba kusa ba.

Ki kula da maƙoshin, musamman da hunturu, lokacin da ƙura da bushewar iska ke dishe murya. Ruwa a kai a kai tun kafin ranar aiki. In murya ta dishe hutu take so, kuma raɗa ba hutu ba ce, gajiyar da ita take ƙarawa. In akwai wurin ihu ko kuka a takarda, ki roƙa a bar shi ƙarshe. Dishewar da ta wuce sati 3 ba ta warke ba, likitan kunne da hanci da maƙogwaro za ki gani, ba mai shayi ba.

Wani tsoron kuma ban yarda ki yar da shi ba. Duk wanda ya ce ki biya kuɗi kafin a gwada muryarki, ki kama gabanki. Duk gwajin da sai da dare, ko a ɗakin otal, ko "ki zo ke kaɗai", ba gwaji ba ne. Ki je da rana, ki je da yayanki ko ƙawarki, gida su san inda kike. Ki yi maganar kuɗi kafin ki shiga ɗakin naɗi, kunya a nan asara ce, na yi aikin wata guda a wani wuri aka sallame ni da "Allah Ya yi albarka" saboda na ji nauyin tambaya. Yanzu kuma ga sabon abu: da 'yan mintuna na muryar mutum kwamfuta na iya ƙera irinta ta faɗi abin da bai faɗa ba. Wannan batu na cikin abin da ya sa 'yan wasan fim na Amurka suka yi yajin aiki a 2023. In an miƙo miki takarda ki sa hannu, ki tambaya a ina za a yi amfani da muryar, har tsawon yaushe, kuma ko za a koyar da na'ura da ita.

Shi kuwa sutudiyon da kika je, in wurin mutunci ne, ki koma nan da sati 6. Ki tafi da naɗi na minti ɗaya a wayarki: daƙiƙa 20 na talla da Kananci, 20 na tsohuwa da Zamfarcinki, 20 na mace mai fushi da murya ƙasa-ƙasa. Ki gaishe su, ki ce, "Malam, rannan tsoro ne ya kama ni, na je na yi aiki, ga shi ku ji." In sun ce babu gurbi, ki roƙa su bar ki ki zauna a bayan injiniya ki kalli yadda ake yi, ko sau biyu a sati. Za ki ga wanda kike ganin gwani ya maimaita jimla ɗaya sau 9, ya yi tsaki, ya kurɓi ruwa, ya ce a sake. Ranar da wata ba ta zo ba kuma ana neman mai yin muryar 'yar aiki mai layi biyu, ke ce a zaune a wurin, da fensirinki a jaka.